Bushiyoyin da Malam Ya Kwashe

Mijina shi ne mai kula da lambun tsohon asibiti, kuma tun kafin ya aure ni yake wannan aikin. Ma'aikata Mai Bokiti suke ce masa, daga likitoci har masu goge-goge. Ni Malam nake ce masa, shi kuma ya ce min Tela, saboda keken ɗinkin da na shigo gidansa da shi. Gidan namu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, can ƙarshen lambu a jikin katanga, bayan ɗakin wanki. Na asibiti ne, ba namu ba, amma a nan na haifi yarana duka, a nan bayana ya lalace a kan keke ina ɗinka wa nas-nas yunifom. Wannan gidan da wannan lambun ne aka wayi gari aka ce za a sayar, a rushe.

Sai dai kafin in kai nan, bari ku san wanda na aura. Mutum ne wanda in ka aike shi ya kira mutuwa, to ka more rayuwa. Tafiya a hankali, magana a hankali, ko shayi sai ya huce yake sha. In na yi faɗa ya tsaya yana kallona har in gama, sannan ya ce, “To, Tela.” Wallahi wannan “To, Tela” ya fi zagi ciwo. Lambun kuwa babba ne, da manyan itatuwa da shinge mai kauri, da kujerun siminti inda masu jinya ke zuwa su yi kukansu a ɓoye. Aikinsa shara, aske shinge, ban ruwa, da tara busasshen ganye a ƙone bayan sito.

A shekarar aurenmu ne abin ya faru. Ya cinna wa wani tsibin ganye wuta, tsibin da ya daɗe a tare, sai ya ji kuka daga ciki kamar na jariri. Ya sa manjagara ya janye, sai ga bushiya, gefe guda a ƙone, da 'ya'yanta a ƙarƙashinta, ƙayarsu ma ba ta yi ƙarfi ba, fara fat. 'Ya'yan sun riga sun mutu. Uwar ya naɗe a rigarsa ya hau keke ya kai ta wajen likitocin dabbobi na jami'a, a can ta cika, ya baro musu ita. Ya dawo da ƙuna a hannu, ya ƙi cin abinci, ya zauna yana kallon bango. Ni amarya, na ɗauka wani nasa ne ya rasu. Da ya faɗa min sai na ce, “Bushiya? Malam, bushiya fa ka ce?” Ya ce, “Tela, ba ki ji kukan ba ne.”

Tun daga ranar bai sake kunna wa ganye wuta a inda aka tara shi ba. Sai ya kwashe tsibin da hannu, runguma-runguma, ya mayar da shi kan fili tsirara, ya duba har ƙasa, sannan ya ƙyasta ashana. In masu injin yankan ciyawa suka zo, shi ne a gabansu da sanda yana buɗa ciyawa, su kuma suna bayansa suna tsaki. Duk bushiyar da ya gani ta dunƙule tana barci, sai ya ɗauke ta ya sa a bokiti da ɗan ganye. Da yamma ya ɗaure bokitin a bayan keke ya kai ta bakin wani rafi a bayan gari, ya juye ta a gefen daji. A ganinsa lambun ba wurin zamansu ba ne, ga karnukan masu gadi, ga maganin ɓera da mai sito ke barbaɗawa ko'ina, ga injin. Manajoji sun zo sun tafi, kowanne ya yi ƙorafin jinkirinsa, kowanne kuma ya gaji ya ƙyale shi.

Ni ce dai na ci wahalar. Wadda ta ji rauni ai ba rafi take tafiya ba, tsakar gidana take sauka, a kwali, kusa da inda nake shanya. Ta zo da kaska, ta zo da ƙuma, ga wani wari da ba ya fita daga tabarma. Na san bushiya fiye da yadda nake so in san ta. Na san in ta ji haushi huci take tana zabura, na san yadda take tauna dodon koɗi ƙurus-ƙurus, na san in ka ba ta madara zawo za ta yi maka har ka yi nadama. Wata ta taɓa lasar sabuluna, ta yi ta kumfa tana karkacewa tana shafawa a ƙayarta, na ce shi ke nan ta haukace, Malam ya ce a'a, haka suke. Safar hannu ta tamfol kuwa ban san iyakar wadda na ɗinka masa ba. Da haka muka tsufa. Kuma a duk shekarun nan wadda ta shiga gabansa kawai yake ɗauka, lambun bai taɓa rabuwa da su ba, yana kwasa suna haihuwa.

Sai bara, farkon damina, manaja ya tara ma'aikata a ƙarƙashin rumfar motoci. Ya ce asibiti zai koma sabon gini, an sayar wa wani kamfani filin, za a yi shaguna da wurin ajiye motoci, ruwa na ɗaukewa katafila za ta shigo. Tsofaffin ma'aikata a sallame su, masu zama a gidajen asibiti su nemi wuri. Ina tsaye a baya da allura a bakin zanena, na ji komai da kunnena. Muka dawo gida. Na zauna ina jiran mijina ya ce min ga inda za mu dosa. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ɗago ya ce, “Tela, katafila ba ta duba ganye.”

Na ce, “Mu fa? Mu tana duba mu?”

Ya ce, “Mu muna da ƙafar guduwa. Su in sun ji tsoro dunƙulewa suke.”

Daminar nan kaf a kanta ya ƙare. Yanzu ba jiran su yake su shiga gabansa ba, nemansu yake. Ya bi shinge a durƙushe daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya leƙa ƙarƙashin tankin ruwa, ya shiga kwalbati, ya ɗaga tsofaffin gadajen ƙarfe da aka zubar bayan ɗakin janareto. In ya tarar da uwa da 'ya'ya ba ya taɓawa, don in an dame ta tana iya watsar da su, sai ya sa alama da tsumma ya jira su tasa, sannan ya kwashe su gaba ɗaya. Gwiwoyinsa suka kumbura, ni ke gasa masa. Har bokitin na riƙe masa wasu ranakun, ina masifa ina riƙewa. Da ruwa ya fara ja baya ya shigo wata rana ya wanke hannu ya ce, “Na gama. Ko ɗaya ba ta rage ba.” Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Ba a yi mako biyu ba sai ga wata mata a ƙofarmu, siririya, da jaka a baya da takalmi irin na sojoji, tana tambayar mai lambu. Malama ce a jami'a, aikinta binciken ƙananan dabbobi, kowa Dakta yake ce mata. Na ba ta kujera, na kawo ruwa. Ta ciro waya ta nuna wa Malam hoton wata busasshiyar fata mai ƙaya a cikin durowa, da ɗan ƙoƙon kai a gefe. Gefe guda na fatar a ƙone yake.

Ta ce, “Baba, ka gane ta?”

Malam ya cire hularsa.

Ashe wadda ya kai musu tun ina amarya ba a yar da ita ba, wani ya busar da ita ya ajiye, ya rubuta inda aka samo ta. Dakta ta ce ta daɗe tana auna haƙoran dabbar da ƙoƙon kanta, ta yi gwaje-gwaje, ta gwada ta da duk bushiyoyin da aka sani, ta tarar ba irinsu ba ce. Fuskarta ta fi duhu, kunnuwanta sun fi gajarta, har cikin halittarta daban take. Ta rubuta, masana sun duba sun yarda, an ba ta suna nata na kanta. Kuma duk duniya ba a san inda ake samunta ba sai lambun nan. Malam ya ƙura wa hoton ido ya ce ai duk na nan haka fuskarsu take. Baiwar Allah ta kusa faɗowa daga kujera don murna.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ta kai maganar gaban hukuma, an kafa kwamiti. In ta nuna musu cewa dabbar tana zaune a lambun nan tana haihuwa, doka ba za ta bari a sare ko reshe ba. Lambu zai tsaya, zai buƙaci mai kula da shi, gidan mai kula da shi ma zai tsaya. An ba ta zuwa ƙarshen wata.

Kai, wani daɗi ya taso min tun daga ciki, har na buɗe baki zan yi guɗa. Sai na waiga na ga fuskar Malam, ta yi fari kamar an shafa mata toka. Nan take na tuna ya riga ya kwashe su kaf. Na mayar da bakina na rufe.

Dakta ta ce, “Za mu same su dai, ko Baba?”

Ya ce, “Allah Ya sa a dace, 'yata.”

Washegari ta zo da kayan aikinta. Wasu dogayen bututu ne na roba, a shimfiɗa farar takarda a ciki, a shafa baƙin gawayi da mai a bakin kowane gefe, a ajiye ɗan nama a tsakiya. Duk abin da ya shiga cin naman zai taka baƙin ya bar sawunsa a takarda, da safe a zo a duba. Malam ne ya riƙa ɗaukar mata su, shi ya nuna mata wurare masu kyau, gindin shinge, bakin kwalbati, bayan ɗakin janareto, duk inda ya san ya riga ya share. Kullum da sassafe ina hango su ta taga, ta durƙusa ta zaro takarda ta ɗaga, shi yana tsaye hannu a baya. Sawun ɓera. Sawun kyanwa. Layin da wutsiyar ƙadangare ta ja. Wata rana kwaɗo. Ta canza nama, ta canza wuri, ta ƙaro bututu. Ita tana ramewa, shi yana ƙara shiru.

Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Na tare shi bayan ya dawo sallar la'asar na ce, “Malam, kai ka kwashe su, kai za ka dawo da su. Ka ɗauki bokitinka ka je rafin nan, ka kamo ko uku ne, ka sake su a shinge. Su taka takardar yarinyar nan kowa ya huta.”

Ya ce, “Wannan ai ha'inci ne.”

Na ce, “Ha'incin me? Ba gidansu ba ne? Ba a nan aka haife su ba? Kai ne ka kore su, ba kamfani ba! Shekara da shekaru ina cire kaska a zanena saboda su, yau rana ɗaya da za su yi min amfani ka ce ha'inci? Ka dubi bayana, ka dubi gwiwarka, ka faɗa min wane bene za mu iya hawa a gidan ɗanka in an tashe mu daga nan.”

Ya ce, “To, Tela.” Amma wannan karon ya ɗauki bokitin.

Kwanaki ya yi yana zuwa yana dawowa hannu wofi. Ranar da ya dawo da guda ɗaya, ya ajiye bokitin a tsakar gida ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Sai da na matsa masa ya yi magana. Ashe duk shekarun nan bai taɓa shiga dajin ba. A bakin hanya yake tsayawa ya karkata bokiti, ya ga ta shige ciyawa, ya yi mata addu'a ya juyo. Yanzu da ya kutsa ciki, sai ya tarar ciyawar ba ta da wani zurfi. Bayanta juji ne, motocin shara ke zubarwa ta ɗaya gefen, karnukan da ba su da masu su sun cika wurin, ragowar wurin kuma ruwa ke mamaye shi duk damina. Ya ce ya yi ta cin karo da fatun ƙaya a bushe, an cinye cikin an bar bayan. Ya gane wasu ma, akwai wadda ya taɓa ɗinke wa rauni da zarena.

Ya ce, “Tela, can nake kai su.”

Tausayinsa ya kama ni, wallahi ya kama ni, amma tsoron rasa gida ya fi ƙarfi. Na ce abin da ya wuce ya wuce, gobe tun kafin Dakta ta iso ya saki wannan a gindin shinge kusa da bututu.

Da safe ya ɗauki bokitin ya fita, na bi bayansa don na san halin kayana. Ya wuce shingen bai ko kalle shi ba. Na ce, “Malam.” Ya ci gaba. “Malam!” Ina, sai da ya kai inda Dakta ke durƙushe da takarda a hannu, ya ajiye bokitin a gabanta. Ya faɗa mata komai, a hankali yadda ya saba, tun daga taron manaja har zuwa jujin.

Ta leƙa bokitin, bushiyar ta ɗan saki jiki ta fito da baƙin hancinta tana shinshina. Wannan ne karo na farko da Dakta ta ga mai rai, bayan shekarun da ta yi tana juya busasshiyar fata. Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, hawaye na zuba. Can ta ce, “Haba Baba. Haba Baba. Me ya hana ka faɗa min tun ranar farko? Ka bar ni ina ta kirga sawun ɓera?”

Ya ce, “Kunya ce, 'yata.”

Na shiga tsakani na ce, “Dakta, ga ta nan dai a lambu, da idonki kin gan ta. Ki rubuta kin gan ta a nan.”

Ta share fuska ta ce, “Mama, ba zan iya ba. Kowa a asibitin nan ya san Mai Bokiti, lauyan kamfani mai gadi ɗaya zai tambaya. Ko ba wanda ya sani ma, ni na sani.”

Na ce, “Ai dole ki ce haka, ke kina da gidan komawa.” Na faɗa mata maganganu da yawa ranar, ta sunkuyar da kai ta shanye. Ba ta cancanci rabinsu ba, amma ba ni da wanda zan sauke wa sai ita.

Ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta je gaban kwamiti ta faɗi gaskiya, ta roƙi a ƙara mata lokaci a gwada mayar da dabbar lambun. Suka ce su abin da ke ƙasa suke dubawa, lambun da ba dabba a ciki fili ne kawai. Ta kwashe bututunta ta kai bakin rafi, can ma karnuka suka yi ta janye mata su. Da ta zo yi mana sallama ta roƙi Malam ya ba ta wadda ke hannunsa. Ya tambaye ta me za a yi da ita. Ta ce za a sa ta a keji a ɗakin bincike, a ciyar da ita, a ɗebi ɗan jininta, in kwananta ya ƙare a ajiye ta kusa da ta farko. Ya ce ta bari ya yi tunani. Ta rubuta masa lambarta, ta tafi.

Babban ɗanmu ne ya turo motar kaya. Ya ware mana ɗaki a gidan da yake haya, hawa na sama, tsakar gidan ma siminti ne, kuma matarsa ta riga ta aiko cewa ita dai ban da dabba. Ban ga laifinta ba. Ranar tashinmu katafila na fake a bakin ƙofar asibiti tun safe, direbanta na kwance a inuwarta yana danna waya. Aka ɗora gado, aka ɗora tukwane, aka ɗaure kekena da igiya ina ta faɗa kada a karya masa ƙafa. Aka taimaka min na hau gaba. Sai na duba ba Malam.

Can na hango shi a tsakiyar lambu da bokiti a hannu. Ya nufi shinge, ya tsaya, ya juyo. Ya nufi wajen da kekensa ke jingine, ya tsaya, ya juyo. Ya zaro takardar lambar Dakta daga aljihu ya duba, ya mayar. Direbanmu ya danna hon, ya ce, “Mama, rana fa tana yi, ina da wani aikin.” Na sauko da ƙyar ina dafe da baya, na taka har inda yake, da masifata a shirye a baki.

Kafin in fara ya ɗago ya kalle ni. Idonsa ya yi ja. Tun da muke bai taɓa neman shawarata a kan bushiya ba, ko sau ɗaya.

Ya ce, “Tela, ke faɗa min. Ina zan kai ta?”

Ni da ba a taɓa tambayata na rasa amsa ba, sai kawai na kama ɗaya gefen mariƙin bokitin. Muka tsaya a wurin mu biyu, direba yana ta danna hon.